Akwatin da Ya Zo Ba Fatiha

Lahadi, 6 ga Oktoba, bayan la'asar

Ban yi ƙarya ba. Da wannan nake so in fara kafin a gama cika mani kunne. Tun da aka tashi taron ƙungiya jiya mutum huɗu suka tare ni a hanya, kowa da fuskar ta'aziyya, kuma duk cikinsu ba wanda ya iya cewa, "Yazid, abin da ka faɗa ba haka yake ba." Sai dai "ba a yin haka." To yaya ake yi?

Ga yadda abin yake, don in na tsufa na fara gyara labari in tarar da shi a rubuce. Wasu masu raba wa manoman rani injin sola sun aiko wa makanikan injin ban ruwa na Batsari da Safana kujera ɗaya a bitar wata uku a Katsina. Ɗaya tak. Wanda ya je ya dawo, shi zai riƙa haɗa duk injin da za a kafa daga Yasore har Darini, shi zai riƙa gyarawa. Wato shi ne mai sana'a nan da shekara goma, don tsadar fetur ta riga ta fara binne injinan da muke gyarawa. Manomi yanzu in ya tada inji tsayawa yake yana kallon tiyo kamar jininsa ne ke fita.

Shugaban ƙungiyarmu shi ne maigidana, Baba Muntaka. Shekara tara ina hannunsa. Shi aka ce ya fitar da suna. Ya miƙe, ya gyara hula, ya ce ya yi shawara da zuciyarsa, shi zai je.

Shi. Shekara sittin da uku.

Na ɗauka raha ce har na yi dariya. Da na ga Musbahu, sakatarenmu, ya cire murfin biro zai rubuta, sai na miƙe. Abin da na faɗa na faɗa. Ba zan sa shi a littafin nan ba, tunda garin duka ya riga ya haddace.

Litinin, 7 ga Oktoba, da hantsi

Na je gareji kamar kullum, na buɗe, na share, na fito da benci. Da Baba ya iso na durƙusa na gaishe shi. Ya tsaya ya amsa mani gaisuwa cikakka, har da tambayar Inna da mutanen gida, irin wadda yake yi wa baƙon da ya kawo gyara daga nesa. Ya ce, "Madalla, Malam Yazid."

Malam Yazid. Shekara tara sunana a bakinsa Rediyo, saboda wai ba a kashe ni. Duk abin da na karanta a waya sai na karanta shi da ƙarfi, yana aiki yana cewa, "A rage murya, Rediyo, ana sauraren inji."

Bai aike ni ko'ina ba. Da kansa ya wanke kafireta a kwanon fetur, aikin da rabonsa da shi tun ina ɗan shekara goma sha biyar. Na miƙa hannu, ya ce in bar shi, kar in ɓata yatsu.

Wani ya kawo inji daga Darini. Baba ya sa aka tada shi, ya ɗauko doguwar sukudirebarsa mai jan hannu, ya ɗora bakinta a jikin injin, ya kafa kunne a gindinta, ya rufe ido. Ya ce ringi ne. Aka buɗe, ringi ne. Kullum haka ne. Wa ya ce bai iya ba? Ni ban ce bai iya ba. Amma sola ba ta ƙara. Faranti ne a kwance yana shan rana shiru. Me zai kafa wa kunne?

Talata, 8 ga Oktoba, bayan magariba

Yau ma Malam Yazid.

Alhamis, 10 ga Oktoba, bayan an watse kasuwa

Ranar kasuwa ba ranar mai laifi ba ce. Na wuce ta rumfar Sule mahauci, ya ɗago wuƙa yana nuna ni wa mutane. "Ga ɗan jagora nan. Ina ka baro mai sandar?" Suka kwashe da dariya. Na ce mashi ya ji da ƙudajen da ke cin ribarsa. Wannan ma an yi dariya, amma ba ta yi mani daɗi ba.

Wadda ta fi ci mani rai ta samarin layin masu gyaran babur ce. Sun kira ni, sun saya mani rogo da ƙuli, suna cewa na yi masu maganin tsofaffi, dama an daɗe ana danne yara. Ɗaya har yana kwaikwayon yadda Baba ya tsaya da hula a hannu bayan na gama magana. Ban san ya cire hula ba. Ni ban kalle shi ba lokacin, mutane nake kallo. Na bar masu rogon.

Amma a yi adalci. Ni aji huɗu na tsaya a firamare, shekarar da mahaifina ya rasu. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mani sauran. A jikin kwalin fulogi na koyi Turanci, da guntun jaridar da ake naɗe tsire, da wani ƙamus mara bango da na tsinta. Shekara uku duk datar da na saya kan sola ta ƙare. Na san abin da inbata ke yi, na san yadda ake jera faranti, na san me ya sa batir ke mutuwa da wuri. Shi fom ɗin ma ni ake miƙo wa in karanta wa Baba. Shugaban da aka ba amanar zaɓe ya zaɓi kansa, ni kuma da na yi magana na zama mara tarbiyya. In wani ya san inda ƙaryar take ya nuna mani.

Juma'a, 11 ga Oktoba, bayan an sauko masallaci

Musbahu ya same ni a ƙofar gida da fom a cikin leda. Ya ce Baba ya janye, ya ce a sa sunana.

Na ce, "Haka kawai?"

Ya ce, "Cewa ya yi a ba mai ido." Ya miƙo mani biro bai kalle ni ba. "Sa hannu nan da nan. Huɗu ga watan gobe za ku fara. Ya kuma ajiye shugabancin, in kana son ita ma sai ka yi magana, tunda bakinka na ci."

Na sa hannu.

Na ci nasara ke nan. Haka ake kiranta.

Asabar, 12 ga Oktoba, da safe

Gareji a kulle. An canza kwaɗo.

Lahadi, 13 ga Oktoba, bayan azahar

A sana'armu yaro ba ya tashi daga hannun maigidansa sai an yaye shi. Ana tara manyan makanikai a bakin gareji, a kawo goro da dabino, maigida ya sayo sabon akwatin kayan aiki ya ajiye a tsakiya. Ya faɗi shekarun da yaron ya yi, ya ce ya yafe mashi abin da ya sani da wanda bai sani ba, a ɗaga hannu a yi fatiha, sannan ya ɗauki sifana ya danƙa mashi a hannu. Sau biyar ina ganin Baba ya yi wa wasu. Musbahu ma a gabana aka yi nasa, har ya yi kuka muka yi ta tsokanarsa. Na sha kwanciya ina tsara abin da zan ce ranar tawa, don na yi niyyar in yi jawabin da ba a taɓa ji ba.

Yau da hantsi Musbahu ya tsaya da babur, ya kwance akwati daga baya, ya dire a zaurenmu. Ya ce, "In ji Baba." Ya juya babur.

Ba sabo ba ne. Nasa ne. Koren nan mai lotsattsen murfi da ya zo da shi daga Funtuwa tun ba a haife ni ba. Komai na ciki, har sukudireba mai jan hannu. Na bi Musbahu da gudu na riƙe kariyar babur, na ce shi da me zai yi aiki? Ya ce Baba ya koma gonarsa ta Wagini tun jiya, ya ce ya gama.

Inna ta fito ta tsaya kan akwatin ta daɗe. Ta ce, "An yi fatiha?"

Na ce a'a.

Ta ce, "To kar ya shigo mani cikin gida. Ya zauna nan zaure har mai shi ya buɗe baki."

Talata, 15 ga Oktoba, da la'asar

Masu gyara sun fara biyo ni gida tunda gareji a rufe yake. Na gyara biyu a gindin dalbejiya. Na uku ya gagare ni. Da mai shi ya tafi salla na ɗauko sukudirebar na kafa kunne yadda yake yi. Ƙara kawai na ji, kamar ana niƙa tsakuwa. Shekara tara ina tsaye kusa da mutumin nan ina surutu.

A ƙasan akwatin, ƙarƙashin tsumma, akwai wani littafi irin na 'yan makaranta mai bango shuɗi, an naɗe shi a leda biyu. Rubutun ajami ne, fiye da rabi a cike. Ni allo na gudu tun ban yi nisa ba. Surar da na haddace ina iya binta a bugu, amma rubutun hannu tafiyar tururuwa ce a wurina. Addu'o'insa ne, ina jin. Na mayar.

Laraba, 16 ga Oktoba

Ban yi ƙarya ba.

Juma'a, 18 ga Oktoba, bayan magariba

Na je Safana wurin Yaya Mahfuza, babbar ɗiyar Baba, wadda ke aikin allurar yara. Ita ce ke ɓoye mani ƙanzo lokacin da nake sabon zuwa gidansu, ita kaɗai ce kuma ke iya juya shi. Na tafi da sassafe don in dawo kafin hanya ta yi shiru.

Ta ba ni ruwa, ta ba ni tabarma, ta gaishe ni. Sannan ta ce, "Faɗi abin da ka ce mashi."

Na ce ai ta ji.

"Na ji a bakin mutane. A naka nake so."

Na kasa. Ni da ake cewa ba a kashe ni. Sai ita ta faɗa, a hankali, kamar tana karanta katin asibiti. "Ka ce shekara tara kana yi wa makaho jagora, yanzu kuma makahon ya ce shi zai je kallon wata. Haka ne ko an ƙara?"

Na ce ba a ƙara ba. Na ce amma Yaya, ki duba, kujera ɗaya ce, rayuwata ce, shi ya riga ya ci zamaninsa.

Ta ce, "Wa ya ce maka ya ƙoshi?"

Ta shiga ɗaki ta fito da wata baƙar jaka sabuwa, irin ta 'yan sakandare, ko ledarta ba a cire ba. Ta ce wata biyu da suka wuce, tun da aka fara raɗe-raɗin bitar, ya ba ta saƙo ta sayo mashi a Dutsin-ma, don yana jin kunyar a gan shi yana tayawa a Batsari. Ta kai shi an auna idonsa an yanka mashi tabarau. Ta ce ranar ya zauna a kan tabarmar nan da nake kai, ya yi ta kewaye-kewaye, can ya ce, "Mahfuza, in mutum na cikin aji fitsari ya kama shi, hannu yake ɗagawa ko tashi kawai yake?"

Ta ce ta yi dariya har da hawaye ranar. Yau ba ta yi ba.

Na ce ta roƙa mani shi. Ta ce, "Kai da ka iya magana a gaban mutum arba'in, ka je ka yi a gaban mutum ɗaya."

Asabar, 19 ga Oktoba, da hantsi

Duk da haka shugaba ba ya zaɓen kansa. Wannan ko a gaban alƙali zan maimaita. Da ya kira ni gefe tun farko ya ce, Rediyo, ina so in je, ka bar mani. Da me zan ce?

Na san abin da zan ce. Shi ma ya sani. Shi ya sa bai kira ni ba.

Litinin, 21 ga Oktoba, bayan azahar

Inna na tsince wake a tsakar gida na kawo mata littafin nan mai bango shuɗi, na ce ko za ta gane wace addu'a ce. Na san tana duba 'yan littattafan wa'azinta na ajami, amma ban taɓa lissafa wannan cikin karatu ba. In za a tambaye ni masu karatu a gidanmu, ni kaɗai zan ƙirga.

Ta goge hannu, ta nisanta shi da ido, ta fara. Ba tuntuɓe ko ɗaya.

"Ranar Talata. Farantin sola in datti ya rufe shi ƙarfinsa na raguwa, a wanke da ruwa da tsumma mai laushi, da safe kafin ya yi zafi. In ji malamina Rediyo."

Ta ɗago ta kalle ni. Na ce ta ci gaba.

"Ranar Asabar. Jar waya da baƙa ba a haɗa su a juye, akwatin sarrafawa na ƙonewa. In ji malamina Rediyo. Ranar Lahadi. Batir ba a bari ya zuƙe ƙarƙaf. In ji malamina Rediyo. Ya ce wai a wata ƙasa faranti na juyawa da kansa yana bin rana. Wanga ban yarda ba sai na gani."

Shekara biyu da wani abu. Duk surutun da nake yi a gareji don in nuna na fi kowa, yana sunkuye kan inji yana cewa a rage murya, ashe kwashewa yake. In ya koma gida ya zauna ya rubuta. Har inda na yi kuskure na gyara washegari, ya soke ya sake. A wani shafi ya zana haruffan boko manya-manya, kowane da ɗan'uwansa na ajami a ƙasa. Ya kai har kan M, harafin farkon sunansa. Ya rubuta ta fi sau talatin.

Shafukan ƙarshe tambayoyi ne da zai yi wa malaman bita. Goma sha bakwai. Ta farko: "Shin injin sola na da kukan da ake gane ciwonsa da shi?" Ta ƙarshe ba tambaya ba ce. Inna ta karanta ta a ranta tukuna, ta ce ko ta bar ta. Na ce ta karanta.

"In Allah ya dawo da ni, in koya wa Rediyo da hannu, don shi a baki ya iya, bai taɓa kwance ko ɗaya ba. In hannunsa ya zamna sai in yaye shi da rani."

Na ce ai ga shi nan, shi ma ya zage ni.

Inna ta ce, "A littafinsa, cikin leda biyu, a ƙasan akwati. Kai fa?"

Ta rufe ta miƙo mani, ta koma kan wakenta. Can ta ce, ba ta ɗago ba, "Ubanka ma yana da baki. Amma shi in zai faɗa wa babba gaskiya sai ya bari sun rage su biyu a zaure."

Talata, 22 ga Oktoba

Ban fita ba. An yi sallama sau uku da inji, na ce a ce ba na nan.

Alhamis, 24 ga Oktoba, bayan la'asar

Na tambayi Musbahu ko ana iya mayar da sunan Baba. Ya ce ana iyawa har ranar Litinin, in shi mai sunan ya yarda. Ya ce, "Amma ka san wanda za ka je wurinsa." Na ce na sani. Ya ce, "Ba ka sani ba. Ni na yi shekara bakwai ban taɓa ganin ya fasa abu sau biyu ba."

Asabar, 26 ga Oktoba, bayan magariba

Na ɗaure akwatin a babur na tafi Wagini. Na same shi a gona shi da jakinsa, yana tara kan dawa. Ya rame, ko kuwa rigar noma ce ta sa. Ban taɓa ganin hannunsa ba baƙin mai ba sai yau.

Na durƙusa tun daga nesa. Ya amsa, ya tambayi Inna, ya tambayi hanya. Ya nuna mani inuwar wata kanya muka zauna. Duk abin da na tsara a kan babur ya zube. Na ce, "Baba, na zo in mayar maka da kujerarka. Musbahu ya ce ana iya canzawa."

Ya ce, "Kujerar mi?"

"Ta bita."

"A'a. Wagga ta mai ido ce."

Na ce, "Baba, na yi kuskure, ƙarya na yi."

Ya juyo ya kalle ni sosai, karo na farko tun ranar. Ya ce, "Kar ka ƙara mani da wanga. Ba ka yi ƙarya ba. Da ƙarya ka yi da na mare ka a wurin, mu koma gareji mu ci gaba da aiki. Gaskiya ka faɗi. Ban iya karanta fom ba. Na zaɓi kaina, shi ma bai kamata ba, kwaɗayi ne ya ja ni." Ya tsinke wani kara yana ɓarewa. "Na ɗauka in na zamna bayan aji na yi shiru, ba wanda za ya lura. Sai ka nuna mani yadda za a gan ni. Ka ji dariyar da aka yi? Mutum shida cikin masu dariyar nan ni na danƙa masu sifana. In 'ya'yana sun yi haka, yaran Katsina fa?"

Na ce ba wanda zai yi dariya, ni zan tsaya.

Ya ce, "Ka yi mani jagora ke nan."



Na ciro littafin na miƙa mashi da hannu biyu. Ya gane an buɗe, don ledar ba yadda yake naɗe ta na naɗe ba. Ya ce wa ya karanta maka? Na ce Inna. Ya ɗan yi murmushi, ya ce, "Kande ai ɗiyar malamai ce." Ya tura shi aljihun riga. Akwatin kuwa ya ce in koma da shi, jaki ba ya buƙatar sifana.

Na ce, "To Baba, ko fatiha ce ka yi mani. Nan ma ya isa, ba sai an tara kowa ba."

Ya ɗaga kai ya dubi rana. Ya ce, "Ka kama hanya tun da haske, Malam Yazid. Ka san yadda dajin nan yake."

Ya raka ni har bakin babur. Shi ya ƙara ɗaure mani akwatin, don wai ɗaurin da na yi ba zai kai Batsari ba.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Fiye da wata biyu nake roƙon Allah kujerar nan. Ga ta.

Laraba, 30 ga Oktoba, da hantsi

Akwatin na zaure har yanzu. Kaji sun fara kwana a kansa.

Asabar, 2 ga Nuwamba, bayan la'asar

Gobe zan tafi. Ina cusa kaya a buhu aka yi sallama, Yaya Mahfuza ce, ta biyo daga Wagini za ta koma Safana. Ko zama ba ta yi ba. Ta ajiye baƙar jakar nan a gabana, an cire ledar. Littafin na ciki.

Na ce ya ce me?

"Ya ce saura shafi ashirin da shida. Ka cika mashi. Tambayoyinsa goma sha bakwai ne, kar ka tsallake ko ɗaya. Ya ce kuma da ajami, don shi bai iya naka ba."

Na ce ai ni ma ban iya nasa ba.

Ta ce, "Ya sani."

Na ce ya ambaci fatiha? Ta ce bai ambata ba, kuma ba za ta ƙara mani abin da bai ce ba. Na ce da wane suna ya kira ni? Ta gyara mayafi, ta ce, "Cewa ya yi, kai wa yaron nan."

Bayan ta tafi na ɗauki tabarma na shimfiɗa kusa da Inna. Ta kalli littafin, ta kalle ni, ta ce in je in wanke hannu tukuna. Shekarata ashirin da huɗu, ina zaune ina jan baƙi ɗaya-ɗaya tana buge mani yatsa da tsinken tsintsiya. Ta ce hannuna kamar kaza ta taka tawada. Ta jera mani haruffan a bayan wani kwali in tafi da shi. Har aka kira magariba ban iya haɗa sunana daidai ba.

Akwatin dai ta ce yana nan zaure. Na zare sukudirebar kawai na sa a jaka. Ta gani, ta kawar da kai.

Litinin, 4 ga Nuwamba, Katsina, bayan la'asar

Mu ashirin da biyu ne a aji. Akwai wani dattijo daga wajen Mashi mai furfura fiye da ta Baba, a layin gaba ya zauna, ya fi kowa tambaya. Malamin da kansa ya cika mashi fom. Ba wanda ya yi dariya. Na yi ta jira a yi, ba a yi ba.

Bayan azahar aka fitar da mu bakin wata rijiya da aka haɗa wa sola. Malamin ya kunna, ruwa ya taho. Na ɗaga hannu na yi tambaya ta farko yadda take a littafin. Ya ce wa ya aiko ka da wannan? Na ce maigidana. Ya ce, "Maigidanka makanike ne." Ya sa muka yi shiru. Ya dafa bututun, ya ce faranti ne kawai ba ya magana, amma injin da ke ƙasa yana yi. In ruwa ya ja baya kukansa daban, in yashi ya shige shi daban, mai kunne yana ganewa tun kafin mita ta nuna. Ya ce irin waɗannan ne suka fi wuyar samu.

Na ciro sukudirebar na ɗora a bututun na kafa kunne. Akwai wani siririn kuka can ƙasa. Ban san me yake cewa ba. Wanda ya sani yana Wagini yana ɗora wa jaki dawa.

Na dawo masauki na buɗe shafi na farko cikin ashirin da shida, kwalin Inna a gefe. Na fi awa ɗaya, na soke sau huɗu. Layi biyu na samu, a karkace, ban ma tabbata zai iya karantawa ba:

Ranar Litinin. Baba, tana kuka, ana ganewa da kunne. Ni ne ban sani ba.

A ƙasa, inda yake sa sunan mai magana, na daɗe riƙe da biro. Na rubuta Rediyo. In bai yarda ba ya soke.